Kiwon Dawisu A Lokacin Hunturu

Ga shi ɗari ya sauka, kowace uwargida ta fito da barguna da rigunan sanyi na yara, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tunawa da tsuntsayen da ke bayan gida. Bara wata maƙwabciyata ta wayi gari ta tarar da 'ya'yan dawisunta biyu a sandare a gindin bishiya, alhali kuwa ba ta taɓa hana su hatsi ba. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tattauna a kan kiwonsa a wannan mako.

Shi dawisu asalinsa tsuntsun ƙasar Indiya ne, har ma a 1963 suka ɗauke shi ya zama tsuntsun ƙasarsu. Irin mai shuɗin wuyan nan da muka saba gani a gidajen sarakuna da attajirai yana da jimirin sanyi ƙwarai, don a Ingila da Amurka, inda ƙanƙara ke zuba, ana kiwonsa lafiya lau. Saboda haka sanyin Kano ko na Jos shi kaɗai ba ya kashe babban dawisu. Abin da ke kayar da shi a hunturu shi ne iskar dare, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da cutar da yake ɗauka wurin kaji.

Mu fara da makwanci. Halin dawisu ne ya hau bisa ya kwana, in an bar shi ma sai ya zaɓi ƙololuwar bishiya, inda iska ta fi bugawa. To, a saba masa da rumfa tun kafin sanyi ya yi tsanani, watau a riƙa zuba masa abincin yamma a cikinta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai a kare wannan ɓangare da zana ko buhu, a bar ɗaya gefen a buɗe don iska mai kyau ta shiga. A gitta masa katako mai faɗin inci 4, tsayinsa daga ƙasa kamar ƙafa 5 ko 6, don kada jelarsa ta ja ƙasa. Dalilin faɗin kuwa shi ne, in ya kwanta gashin cikinsa zai rufe yatsunsa duka. Kada a sa ƙarfe, yana ɗaukar sanyi. Kuma don Allah kada tausayi ya sa a kai masa kaskon gawayi, hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri, ga kuma gobara.

Batun abinci shi ne inda yawancinmu muke kuskure. Da damina dawisu yana kiwata kansa da fara da gara da tsutsa da ɗanyen ganye, hatsin da muke watsa masa ƙari ne kurum. Da hunturu yawancin waɗannan sun ɓace, saura busasshiyar ƙasa. Ga shi kuwa namijin yakan zubar da dogayen gashin jelarsa bayan lokacin barbara, galibi wajen ƙarshen damina, sa'an nan ya ɗauki wata shida ko bakwai yana fid da sababbi. Ashe ke nan cikin sanyi yake wannan babban aiki, kuma dawa da gero kaɗai ba su isa su gina gashi fiye da 150 ba, waɗansu tsawonsu ya kai ƙafa 5.

Da safe a ba shi abin da zai gina jiki: dafaffen wake, ko dakakken ƙuli-ƙuli, ko garin busasshen kifi, ko dafaffen ƙwai, a haɗa da ganyen zogale ko alayyafo ko kabeji, tun da yake lokacin lambu ne. Masara da dawa a bar su sai da la'asar, ya hau katako da ciki cike. A duba ƙuli-ƙulin da kyau, wanda ya yi funfuna guba ne ga hantar tsuntsu. A ajiye masa 'yar tsakuwa, da ita ƙundunsa yake niƙa hatsi, da ruwa mai tsabta kullum, don busasshiyar iskar nan tana sa ƙishirwa ko da ba a jin zafi.

Sai kaji. Kowace mai kiwo ta san yadda annoba ke share akurki da hunturu. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Newcastle, tana kuwa kama dawisu. Ba ta da magani sai rigakafi, ana yinsa a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos. A nemi malamin dabbobi ya yi wa kajin gida da dawisu gaba ɗaya. Har wa yau akwai wata cutar hanta da kaji ke yaɗawa ta cikin kashinsu, su ba ta cika dame su ba, amma tana kashe ɗan dawisu. In ya yi sukuku, fukafukansa suka sauka, kashinsa ya koma rawaya, a gaggauta kai shi wurin likita. Ni dai a ganina raba musu makwanci da kwanon abinci ya fi sauƙi.

'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe da daminar bana su ne abin tsoro, don ba su yi gashi mai kauri ba tukuna. 'Yan makaranta, wannan aikinku ne: kafin magariba ku kora su ɗaki, ku shimfiɗa musu busasshen ƙaiƙayi, kada kuma ku sake su sai hantsi ya dubi ludayi.