Barkonon kasko ba zai ɓata tattasan bana ba

Wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp tsakanin manoman rani na Goronyo, Wurno da Rabah. Laifi uku ya ɗora wa ɗan barkonon adon nan da ake raino a kasko, irin fasahar da Japanawa ke kira bonsai. Biyu daga ciki ba su da nauyi. Wai allura ake yi masa ya wadance: ƙarya ne, saiwa da rassa ake datsewa, a bar shi a kasko mara zurfi har gindinsa ya yi kauri. Wai guba ne: barkono ne kamar kowane, sai dai kada a ci wanda aka sayo wurin masu furanni, don ba a san abin da suka fesa masa ba.

Na ukun ne ya dame ni. Mai saƙon ya ce ƙudan zuma na kwasar ƙurar furensa su kai wa tattasai, gonar bana ta koma yaji, don haka a yi ta feshi har ƙudan su ƙare. Wanda ya ba da wannan shawara bai taɓa zaman jiran albasa ta yi iri ba!

Akwai ƙamshin gaskiya, shi ya sa ban ga laifin wanda ya tsorata ba, musamman mai bashin taki a wuya. Yawancin barkonon ado dangi ɗaya ne da tattasai, kuma ƙudan zuma kan haɗa su. Amma yajin barkono a farin tantanin ciki yake, wanda ƙwayoyin iri ke manne da shi, kuma uwar shukar ce ke gina wannan tantani. Tattasan bana zai fito yadda aka san shi. Gaurayen yana cikin ƙwayar iri, sai an shuka ta baɗi yake bayyana.

Feshin kuwa ɓarnarsa tun bana ce. Albasar da ake nomawa da ruwan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, ba ta yin irin kirki sai ƙwari sun zagaya farin furenta. Ka kashe ƙudan, ka sami kan fure fanko, ga kuɗin magani ya tafi.

Mai ajiye irin tattasai da kansa, shi ke da abin yi. Ya zaɓi 'yan shuke-shuke masu kyau, ya lulluɓe su da gidan sauro kafin fure ya buɗe, tunda barkono na iya barbarar kansa, ya ɗebi irinsa daga nan. Mai kasko kuma ya ajiye abinsa a tsakar gida, nesa da fadama.