Tsarabar da Ba Ta Isa Madrid Ba

A watan Nuwamba na 1700 Sarki Charles na II na Spaniya ya rasu bai bar ɗa ba, sai wasiyya cewa a ba Philippe sarauta, jikan Sarki Louis na XIV na Faransa. Yaron ko shekara 17 bai cika ba. Tun da zai bar gida, aka ce a zana masa hoton kakansa ya riƙa gani a Madrid. Aikin ya faɗa hannun Hyacinthe Rigaud, mutumin Perpignan.

Sarki Louis ba shi da lokacin doguwar tsayuwa gaban mai zane. Don haka Rigaud ya zana fuskar kaɗai a ɗan ƙaramin ƙyalle, daga baya aka ɗinke ta a jikin babban, mai tsayin kusan mita 3. Sauran jikin a ɗakin aikinsa aka ƙarasa shi a 1701, kuma a nan abin mamakin yake.

Fuskar ta dattijo ce mai shekara 63, kumatu sun zube, baki ya lotsa. Rigaud bai ɓoye wannan ba. Tun 1685 likitoci suka cire wa sarki haƙoran sama, har suka yi masa ɓarna a dasashi. Tulin baƙin gashin nan ma na aro ne. Amma ka sauke ido ƙasa, sai ka ga ƙafafun saurayi sambal cikin farar safa, an yaye alkyabba musamman don a gan su. Mutumin da ciwon gaɓɓai ya addaba ke nan! Sai dai Louis gwanin rawa ne a ƙuruciyarsa. A 1653 ya fito a matsayin rana a wani wasan rawa na fada, kuma da alama bai yarda ƙafafun nan su tsufa ba, ko da a hoto.

Sauran duk kayan mulki ne: shuɗiyar alkyabba mai furannin zinariya, takobin da ake jingina wa Sarki Charlemagne a kwankwaso, takalmi mai jan dunduniya irin na 'yan fada. Sandar sarauta kuwa ya juya kanta ƙasa ya dogara da ita, kamar mai yawon shan iska a lambunsa.

Da aka kawo hoton fadar Versailles, sarki ya duba, ya ga ai wannan ba abin bayarwa ba ne. Ya riƙe abinsa, ya sa a yi wa jikan kwafi. Kwafin ma bai tsallaka iyaka ba, har yau yana Versailles, na asalin kuma yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Abin da ya isa Spaniya wani hoton ne daban, na sarki sanye da sulke, wanda yanzu ke rataye a gidan tarihi na Prado.