Yadda ɗaliban sakandare a Amurka ke fara tara makin digiri

A Amurka, digirin farko kan ɗauki shekaru huɗu, kuma akasari sai ɗalibi ya tara maki 120 daga darussan da ya ci. Saboda tsadar karatu, ɗalibai da dama kan fara tara makin tun suna sakandare.

Hanyar da ta fi shahara ita ce shirin Advanced Placement, wanda hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955. Ɗalibi kan karanta darasi irin na jami'a a makarantarsu, sannan ya zana jarrabawa a watan Mayu. Sakamakon kan kama daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama na amincewa da 3.

Wata hanyar kuma ita ce ɗalibi ya riƙa halartar aji a kwalejin yankinsu. Tun 1985 jihar Minnesota ta ba ɗalibanta wannan dama ba tare da biyan kuɗin makaranta ba.

Sai dai kowace jami'a ce ke da wuƙa da nama kan makin da za ta karɓa. Wasu kan nemi 4 ko 5, don haka wanda bai bincika da wuri ba na iya maimaita darasin da ya riga ya ci.