Shin Ko Kun San? Tsohuwar Fijo 504 da Masu Rainonta

Shin ko kun san cewa tsohuwar Fijo 504 ɗin nan da ke jibge a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, tayoyi sun sace, kaji na kwana a gindinta, a Turai da kuɗi ake nemanta? Akwai mutanen da ba su da wani abin sha'awa ranar hutu da ya wuce su sa tsummokaran kaya su shige ƙarƙashin irin wannan mota da sifana a hannu. Kuma ba kanikanci ne sana'arsu ba. Wani likita ne, wani malamin makaranta, wani ɗan fansho.

Shin ko kun san ba kowace tsohuwar mota ce motar tarihi ba? Ƙungiyar masu irin waɗannan motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta gindaya sharuɗɗa: motar ta kai shekara 30, a bar ta a kamanninta na asali, kuma kada a mai da ita ta zirga-zirgar yau da kullum. Duk 504 da ta fito daga Kaduna kafin 1995 ta cika sharaɗin shekaru. Amma akori-kurar da har gobe ke dakon buhunan masara ranar kasuwa ta faɗi a sharaɗi na uku, ko da yake ni a wurina ta fi cancantar lambar yabo.

A Birtaniya, mota in ta haura shekara 40 ana yafe mata harajin hanya da binciken lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba. A Jamus kuwa, tun 1997 ake ba mai shekara 30 lamba ta musamman da ke ƙarewa da harafin H.

Shin ko kun san yajin aiki ne ya jinkirta fitowar 504? Tarzomar ɗalibai da ma'aikata ta watan Mayun 1968 ta tsayar da Faransa cak, don haka sai a watan Satumba aka nuna ta ga jama'a a Paris. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya taya zana ta, a Sochaux aka ƙera ta, ta kuma lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969. An yi fiye da miliyan 3. Turai ta daina yin ta a 1983, Ajantina a 1999, Kenya a 2004. Masana'antar PAN da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, ba ta saki ba sai a wajen 2006. Ke nan autar 504 a duniya 'yar Kaduna ce.

Ita ce ma motar gwamnati a wani zamani. Bayan kashe Janar Murtala a cikin Marsandinsa ranar 13 ga Fabrairun 1976 (motar na nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, da hujojin harsashi), gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, manyan jami'ai suka koma Fijo.

Shin ko kun san a 1975 kaɗai ta ci manyan tseren Afirka uku? Ove Andersson ya ci na Safari a Kenya, Hannu Mikkola ya ci na Maroko, Bernard Consten ya ci na Bandama a Kodebuwa. Wanda ya zauna kusa da Mikkola yana karanta masa hanya shi ne Jean Todt, da daga baya ya jagoranci tawagar tseren Ferrari, ya kuma shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya. A 1978 ta sake cin Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas, da samfurin mai ƙofa biyu da injin V6.

Farar 504 ƙirar 1977 ta tsohon shugaban Iran, Mahmoud Ahmadinejad, an yi gwanjonta a 2011 kan kusan dala miliyan 2.5. Kada dai wani ya ji haka ya ruga ya sa wa tasa farashi. Sunan mai ita aka saya.

To, mu buɗe bonet, don a nan labarin yake.

Shin ko kun san injin 504 a kishingiɗe yake? An karkatar da shi digiri 45 don gaban motar ya yi ƙasa. Silinda huɗu ne, na farko mai cc 1796, na baya mai cc 1971. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe, kansa kuma alminiyom. Sarƙa ce ke juya masa lokaci, ba bel ba, shi ya sa ba ka jin mai 504 na kukan tsinkewar bel ɗin tamin.

Abin da ya sa injin nan ya ƙi mutuwa shi ne ramukan da fistin ke kai-komo a ciki ba a jikin gangar aka huda su ba. Hannayen riga ne na ƙarfe da ake zura su a zare su, ruwan sanyaya inji na kewaya su kai tsaye. In sun cinye, sai a sayo sabbi da fistin da ringi, inji ya dawo ɗanye. Sai dai a nan ne sabon shiga ke yin ɓarna. In aka ɗage kan inji aka juya kuransha ba tare da an danne hannayen rigar da ƙarfe da noti ba, za su ɗago, siririn gaskit ɗin da ke gindinsu ya motsa, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Sai an gama ɗaurewa an tayar, a zaro sandar awon mai a gan ta fari-fari, a fara salati. Aikin minti biyar da aka tsallake ya jawo sauke inji gaba ɗaya.

Shin ko kun san Faransawa daga baya suke ƙidaya silinda? A injin 504, silinda ta ɗaya ita ce ta kusa da giyabos, ba ta kusa da lagireto ba. Jerin wutar 1-3-4-2 ne. Wanda ya saba da motar Japan ya zo ya jera wayoyin fulogi yadda ya saba ƙidaya, ba tare da ya duba inda dilko ke nuni ba, zai iya wuni yana murza makulli.

Ga wasu lambobi da mai 504 ya kamata ya haddace: tazarar bakin kwantak milimita 0.4, ta fulogi 0.6, ta bawul ɗin shigar mai 0.10, ta bawul ɗin fitar hayaƙi 0.25, kuma inji na sanyi ake saita bawul. Bakaniken bakin titi da ido yake aunawa, ya ce, "Alhaji, ai hannuna ya saba." Sau da yawa kuma yana dacewa. Kai da hannunka bai saba ba, 'yan siraran ƙarafan awon nan ba su kai kuɗin litar mai biyar ba.

Shin ko kun san ruwan rijiya zalla a lagireto cuta ne? Inda alminiyom da baƙin ƙarfe suka haɗu cikin ruwa, alminiyom ɗin ne ke zagwanyewa. Koren ruwan nan da ake sayarwa a galan, da wasu ke cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. Haka nan al'adar cire tamostat a jefar da sunan ƙasarmu akwai zafi, ita ma cuta ce. In mota na zafi, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanbel da famfon ruwa. Injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Shin ko kun san ajiya ta fi tafiya kashe mota? Fetur in ya daɗe a kafireta yakan bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya toshe 'yan ƙananan hujojin da mai ke bi. Robobin da ke tare mai su bushe su tsattsage. Batir, wanda cikakkensa ke nuna bolt 12.6, ya zube a hankali ko ba a kunna komai ba. Takalman birki su manne da ganga, musamman in an ja birkin hannu an bari damina guda. Ɓeraye kuma su tare a cikin kujera, su yi kalaci da wayoyi. Tayar da ita minti biyar a tsakar gida ba magani ba ne, sai ma ya tara gumi a salansa. A fita da ita ta yi rabin awa a kan titi, ko da sau biyu ne a wata.

Man birki yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ruwan cikinsa ya kusa kashi 4 cikin 100, ma'aunin kan faɗo zuwa wajen 155. A doguwar gangara irin ta hanyar Jos, nan ne ƙafa ke nutsewa har ƙasa ba birki. Duk shekara biyu ake juye shi, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba.

Shin ko kun san taya na ɗauke da ranar haihuwarta? A gefenta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. In lambobi uku ka gani, ta girmi shekarar 2000, kuma komai kyan zanenta, ta tashi daga taya ta koma abin ɗaure wa rijiya baki. Manyan kamfanonin taya na cewa kada a wuce shekara 10.

An ƙera 504 a zamanin fetur mai dalma. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi a farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Dalmar kan kare mazaunin bawul, don haka tsofaffin injuna masu kan baƙin ƙarfe suka fi jin jiki da aka cire ta. Masu kan alminiyom dama da mazauni na ƙarfe mai tauri aka dasa musu. Sabuwar matsalar masu tsofaffin motoci a Turai ita ce fetur mai gaurayen itanol, irin E10 da Birtaniya ta koma kai a Satumban 2021, wanda ke cin tsohon tiyon roba. Baƙin mai kuwa, mai kauri irin 20W-50 ya fi dacewa da tsohon inji a zafinmu.

Shin ko kun san busasshiyar iskar arewa gata ce? A Turai gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye yawancin 504 tun daga ƙasa. Mu namu abokan gaba rana ce da ƙura: dashbod ya fashe, fenti ya koɗe, matatar iska ta cika da harmatan. Duk da haka a ɗaga kafet a duba daɓen, a duba ƙasan ƙofofi da cikin but. A tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Duk inda ya ƙi kamawa a jikin bodi, fila mai gyaran bodi ya shafe ya bi da fenti.

Abu biyu da ba a wasa da su. Kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe. Kada kuma a hure ƙurar tsohon birki ko kuloci da baki ko da iska, don na da ana yin su da asbestos, mai jawo cutar huhu.

Shin ko kun san wani malamin makaranta a New York, Irv Gordon, ya sayi jar Volvo 1800S a 1966, ya tuƙa ta har ta haura mil miliyan 3 a 2013, wato fiye da kilomita miliyan 4.8? Ya shiga kundin Guinness, ya rasu a 2018, motar ba ta mutu ba. Shi kuma littafin gyaran mota na Haynes, da ke da na 504 a cikin jerinsa, a Aden ya samo asali: a 1965 wani hafsan sojan saman Birtaniya, John Haynes, ya taya abokinsa warware Austin-Healey Sprite yana ɗaukar hoton kowane mataki, aka buga littafin a 1966.

Kayan gyara fa? A nan mun fi Bature sa'a. Shi sai ya yi oda daga sashen tsofaffin kaya na gidan tarihin Peugeot a Sochaux ko ya bi intanet. Mu kuwa akwai Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Ladipo a Legas, da Katako a Yamai, da Suame a Kumasi. Kayan inji ba su yi wuya ba tukuna. Abin da ke ɓacewa shi ne ƙananan kayan ado: fitilun asali masu kusurwa, zakin gaba, hannun ƙofa, robar gilashi, murfin taya. Su ne 'yan gwangwan ke aunawa a sikeli tare da sauran ƙarfe. Sabon kwandansa na jabu kuma ya ajiye mutane a daji fiye da tsohon na asali. Araha dai ba ta ado.

Masu sa wa 504 injin wata mota, ko su yanke kujerun asali su dasa na Beljiyam, sun sami motar hawa, amma darajarta a wurin masu tarawa ta faɗi. A Kuba haka aka yi wa manyan motocin Amurka na shekarun 1950, da yawansu injin dizal na wasu motoci ne a ciki, don takunkumi ya hana su kayan gyara. Su dole ce ta sa. In za ku sayi 504 don raino, ku gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardu kafin ku ƙirga kuɗi, kuma duk abin da aka cire daga jikinta, ko tsohuwar rediyo ce da ba ta magana, ku ce a haɗo muku da shi a but.