Soket Mai Jin Umarnin Waya: A Duba Kafin A Saya

Tun da aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A a watan Afrilun 2024, magidanta da ma'ajin ikkilisiyoyi suka shiga neman dabarun rage ɓarnar wuta. Ɗaya daga ciki ita ce wani ɗan soket da ake maƙalawa a bango, a jona masa fitila ko amsa-kuwwa, mutum ya kunna ko ya kashe da wayarsa ko da yana wata unguwa. Wanda ya taɓa shiga majami'a ran Litinin ya tarar da kaya a kunne tun sujadar Lahadi, ya san amfaninsa.

To, amma mutum yakan saya, abin ya ƙi kama intanet, sai ya ce jabu ne. Sau da yawa lafiyarsa lau.

Ga dalili. Akwatin Wi-Fi na zamani yana watsa saƙo a zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 5 ya fi sauri, amma bango yana rage masa ƙarfi. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa gini, kayan haɗa shi kuma sun fi araha. Shi ya sa yawancin soket ɗin nan 2.4 kaɗai suke ji, kamar rediyon da ba shi da gajeren zango. Idan akwatin ya ba zangon biyu suna ɗaya, waya takan hau na 5, haɗin ya gagara.

Maganin ba wuya. A shiga saitin akwatin a ba kowane zango sunansa, ko a kashe na 5 na ɗan lokaci. A sa waya a na 2.4, sa'an nan a haɗa soket ɗin.

A kuma karanta jikin kwali. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka a lura da tsarabar ƙetare. Soket mai amfiya 10 iyakarsa wat 2,300. Kada a ɗora masa abin da ya fi haka, gudun gobara.

'Yan'uwa, kuɗin baiko gumin gwauraye ne da manoma. Kwamitin da zai saya, ya fara da ɗaya ya gwada tukuna. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.