Sarewa: Lissafin Da Ke Ɓoye Cikin Kara Da Gora

Idan kaka ta yi a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yanke dawa aka kai zangarniya rumbu, abin da ya saura a gona shi ne kara. Da shi ake dannin gida, da shi ake hura wuta, dabbobi kuma su ci karmaminsa. Amma tun kaka da kakanni akwai wani amfani da yaran makiyaya suka san kara yana da shi, wato a yi sarewa. Yaro zai zaɓi busasshen kara miƙaƙƙe mai doguwar gaɓa, ya raraƙe totuwar da ke cikinsa, ya huda ƙofofi, kafin shanu su gangara mashaya har ya fara busa. Wanda ke son wadda za ta daɗe, sai ya nemi gora ko ice.

Masana biyu, David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi binciken kiɗan Hausa a Zazzau da Katsina, sun lissafa sarewa cikin kayan busa a littafin da suka wallafa a shekarar 1971. Ba ta da beli irin na algaita, ba a kuma karkaɗa leɓe a cikinta kamar kakaki. Bututu ce kawai, buɗe sama da ƙasa, yawanci da ƙofofi huɗu. To, daga ina muryar take fitowa?

Mabushi yakan karkata sarewar, ya aika da siririyar iska daga leɓensa ta bugi kaifin bakin bututun. A nan iskar ba ta tsayawa wuri guda. Takan faɗa ciki, ta fito waje, ta sake faɗawa ciki, sau ɗaruruwa a cikin sakan ɗaya. Wannan kai da komo shi ke girgiza iskar da ke kwance cikin bututun, girgizar kuwa ita kunne ke ji a matsayin sauti. Wato ba karan ne ke kuka ba, iskar da ke cikinsa ce. Shi ya sa gwanin sarewa ke ɓata lokaci wajen fiƙe bakin da wuƙa yana gogewa da samfefa, domin baki mai kaushi sai huci, ba murya.

Tsawon bututun shi ke yanke hukuncin kaurin murya ko kaifinta, kuma lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska ya kai digiri 20 a ma'aunin Salsiyas. A bututun da ke buɗe ta ɓangarorin biyu, ana raba wannan gudun da ninkin tsawon bututun. Alal misali, sarewa mai tsawon santimita 40, ninkinta santimita 80 ke nan, ko mita 0.8. Idan aka raba 343 da 0.8 za a sami kusan 429. Ma'ana, in an toshe dukkan ƙofofi, iskar ciki za ta kaɗa kusan sau 429 a sakan. A yanke bututun biyu, kaɗawar ta ninka zuwa wajen 858, muryar ta koma siririya. Buɗe ƙofa kuwa tamkar gajarta bututun ne ba tare da an sa wuƙa ba, saboda iskar takan sami mafita tun kafin ta kai ƙarshe. Ƙofofi huɗu, a haɗa da lokacin da duk suke a toshe, sun ba da muryoyi biyar. In mabushi ya ƙara ƙarfin iska ya matse leɓe, sai muryar ta tsallaka zuwa ninkinta, ya sami wasu muryoyin a sama.

Sai dai duk wanda ya ɗauki rula ya yanka bututu bisa wannan lissafi kaɗai, zai tarar muryar ta fito ƙasa da yadda ya zata. Dalili kuwa shi ne, iskar da ke kaɗawa ba ta tsayawa cak a bakin bututu, takan ɗan zarce waje. A ƙarshen ƙasa, zarcewar ta kai kimanin kashi 3 cikin 10 na faɗin ramin. A sama ta fi haka, domin leɓen mabushi ya rufe wani ɓangare na bakin, kuma leɓen kowa daban. Nan ne alƙalami ke ajiye aiki, kunne ya karɓa.

Saita sarewa aiki ne na haƙuri, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce a zauren masassaƙi a Faskari da kuma masana'antar Turai: abin da aka cire ba ya komawa. Saboda haka ana yanka bututun da ɗan rara, a busa, a rage kaɗan daga ƙasa, a sake busawa, har muryar tushe ta zauna. Daga nan sai a gasa tsinken ƙarfe a garwashi a huda ƙofar da ta fi kusa da ƙasa. Da wuta ake hudawa domin kara da gora suna tsagewa ta tsaye idan aka matsa musu da wuƙa. Ana farawa da ƙaramar huda, domin faɗaɗa ƙofa yana ɗaga murya, haka ma cin gefenta na wajen baki. Sai ta farko ta daidaita ake zuwa ta biyu, saboda kowace ƙofa tana shafar na samanta. Idan hannu ya zarce, ƙofa ta yi faɗi, maganin shi ne a liƙa ɗan kakin zuma a gefenta na sama, muryar ta sauko. Wannan dangantaka ta faɗi da wuri ita ce ke ba maƙeri damar jera ƙofofi daidai inda yatsu za su kai ba wahala, sa'an nan ya biya bashin da girman huda.

Wannan fama ba yau aka fara shi ba. A Jiahu ta ƙasar Sin, an tono sarewu na ƙashin fiffiken tsuntsu masu shekaru tsakanin 8,000 da 9,000. Ɗaya daga cikinsu tana da ƙofofi bakwai, da wata 'yar mitsitsiyar huda kusa da ta bakwai, wadda masu bincike ke ganin an yi ta ne don gyara muryar da ta kauce. A kogon Hohle Fels na Jamus kuma, a shekarar 2008, an sami sarewar ƙashin ungulu mai ƙofofi biyar da ta haura shekara 35,000. Sai a 1847 ne Theobald Boehm na birnin Munich ya fito da sarewar da aka ajiye kowace ƙofa inda lissafi ya nuna, aka yi mata maɓallai su kai inda yatsa ba ya kaiwa.

Ko bayan an gama saitawa, yanayi yana da ta cewa. Gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a sakan ga kowane digiri guda na zafi. Da asubar hunturu, in sanyi ya kai digiri 15, gudun mita 340 ne. Da azahar ɗin bazara, a digiri 40, ya kai 355. Bututun nan mai santimita 40 zai tashi daga kaɗawa 425 zuwa 444 ke nan, alhali ba a taɓa shi ba. Ɗumin numfashin mabushi yana rage wannan tazara, amma ba ya kashe ta. Saboda haka mai saitawa yakan ɗan yi busa tukuna, sarewar ta ɗumama, kafin ya amince da abin da kunnensa ya ji. Hunturu yana da wata ɓarnar: cikin sarewa jiƙe da numfashi, bayanta kuma iska na busar da shi, sai ice ya tsage. Shafa man gyaɗa ko man kaɗe, da ɗaure bakunan biyu da zare ko fata, suna rage wannan.

Masu busa da yawa sun haƙiƙance cewa irin icen shi ke ba da zaƙin murya. Kimiyya ba ta goyi bayansu sosai ba. A 1971 wani masani a Amurka, John Coltman, ya gwada sarewu uku masu awo ɗaya, ta azurfa da ta tagulla da ta ice, masu sauraro suka kasa bambanta su. Abin da ya fi tasiri shi ne faɗin rami, da santsin cikinsa, da kaifin baki. Darajar ice mai tauri, irin su kanya da maɗobiya, ita ce yana karɓar gogewa kuma yana jure shekaru. Maɗobiya ma ta zama abin tattali, domin saran da aka yi mata ana fitarwa zuwa Sin ya sa tun 2017 aka sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido kan cinikinsu.

A wannan yanki, abin da ya fi ƙarancin ice tsanani shi ne rashin tsaro. Sarewa 'yar daji ce, a wurin kiwo ake koyonta, ƙane ya ji daga wa. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu wurare, ta kuma hana motoci ɗauko itace daga daji. Sana'ar da ba a rubuce take ba, in yara suka yi shekaru ba su zauna inda ake yin ta ba, tana iya yankewa ba tare da kowa ya lura ba.

Ɗakin gwaji na makaranta yana iya riƙe wani ɓangare nata, kuma sakamakon Coltman ya nuna ba sai an shiga daji neman gora ba. Malamin kimiyya yana iya samun bututun roba irin na wayar lantarki, ya yanka tsawon santimita 40 da 30 da 20, ɗalibai su lissafa kaɗawar kowanne a allo, sa'an nan a busa a auna da manhajar saita sauti ta wayar hannu. Bambancin da za a gani tsakanin allo da waya shi ne zarcewar iskar da aka ambata. In akwai dattijon da ya iya busa a unguwa, a roƙe shi ya kawo tasa, a auna tsawonta da faɗin raminta da tazarar ƙofofinta, a rubuta kaɗawar kowace murya tare da zafin ranar da aka yi awon.