Tukunyar Birni Da Itatuwan Ƙauye

A ƙasarmu ta Ɗanzomo da Gumel, har zuwa Maigatari a bakin iyakar Nijar, amalanken itace da buhunan gawayi ba baƙon abu ba ne. Amma ba mai saran itace ne kaɗai ke kā da ƙirya da marke ba. Mai saye a birni shi ma yana riƙe da ƙotar gatarin, gama ba wanda zai sha wahalar sara idan babu kasuwa.

A shekarar 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Kuɗin gas na girki ya hau, kananzir kuwa tuni ya fi ƙarfin talaka. Iyalai da yawa a Kano da sauran birane suka koma kan gawayi. Ba mu ga laifinsu ba, dole yara su ci tuwo.

Ga inda matsalar take. Itace yana shan iskar kabon daga sararin sama yana ajiyewa a jikinsa. In aka ƙone shi, iskar takan koma sama, ta riƙe zafin rana, duniya ta ƙara ɗumi. Gawayi ya fi ɓarna, domin a ramin ƙuna irin namu sai an ƙone kilo 5 na itace, ko fiye, kafin a sami kilo 1. Watau yawancin itacen ya tafi a hayaƙi tun bai kai murhu ba. Lalle abin da Nijeriya ke fitarwa kaɗan ne in an gwada da Amurka ko Sin, amma rairayin da ke binne geronmu a farkon damina ba ya tambayar wannan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun sami wata dabara. A 1983, a Maradi, wani ɗan mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da aka sare suna da rai. Manoma suka fara barin tohonsu, suna rage rassa, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar, musamman a jihohin Maradi da Damagaram, da yawansu gawo ne. Daga rassan da ake ragewa matan gida ke samun na girki, har a kai saura kasuwa, uwar itacen kuwa tana nan tsaye a gona.